Kuma da Ƙuma

Da ɓarin jikin Baba ya shanye a Tsibiri, abu biyu muka ɗauko daga gidansa zuwa nawa a unguwar Zariya: shi kansa, da kejin tsuntsayensa. Shi mun kwantar da shi a bayan mota. Kejin kuwa a cinyata ya zo har Maradi, domin duk lokacin da na ce a bar wa maƙwabta, sai Baba ya ɗaga hannun da ya rage masa ya bugi katifa. Kanari biyar ne a ciki, ƙanana masu ruwan toka, irin waɗanda ba ka ƙara kallonsu sai sun buɗe baki. Kejin na kara ne, shi ya yi abinsa shekarun baya, har da 'yar ƙofa mai sakata da wurin ajiye ruwa.

Ni ban taɓa son tsuntsayen nan ba, gaskiya ɗaya ce. Ɗinki nake yi, ƙarar keken ɗinki ta ishe ni, ba na neman ƙarin hayaniya. Ga ɓarnar gero, ga kashi a ko'ina. Tun rasuwar Inna Baba ya mayar da su abokan hira, in ka je gaishe shi sai ka jira ya gama da su tukuna. Na sha yi masa tsiya cewa mu 'ya'yansa ba mu samu rabin wannan gatan ba, shi kuwa ya ce ai mu ba mu iya waƙa ba.

Likitan da ya sallame mu bai ɓoye mini komai ba. Ya ce magani na nan, amma in tsohon nan ya daina cin abinci, babu ƙwayar da za ta riƙe shi. Baba kuwa ya ɗaure baki. Kunu, fura, romo, duk abin da na kawo sai ya juya fuska bango. Ina cikin wannan tashin hankali wata safiya na rataye kejin a ƙusar da ke saman gadonsa, kusa da taga, don kawai in samu wurin shara. Rana na taɓa su suka ɓarke da waƙa. Baba ya ɗaga ido yana kallonsu, bakinsa ya saki, na yi maza na zuba cokalin kunu, ya haɗiye. Daga ranar haka muka zauna. In sun yi waƙa Baba ya ci, in sun yi shiru ni da kwano mu koma kicin. Ni da ke ƙin su na dawo ina ɓarza musu gero kafin in ɗora wa yarana abin kari.

Magana ta riga ta gudu daga bakinsa. Abin da ya rage bai wuce "to" da "a'a" da sunan Allah ba, su ma da kyar harshe ke juya su. Sai da zafin bazara ya kankama ya samo wata sabuwar kalma. Yakan kalle ni, ya kalli sama wajen kejin, ya ce, "Kuma."

Murna muka yi da farko, mun ce baki ya fara buɗewa. Na ɗauka ƙari yake nema, na ƙaro kunu, ya ture. Na ƙara wa tsuntsaye gero, ya ce kuma. Na sake musu ruwa, ya ce kuma. Na juya shi, na ƙara matashi, na kunna rediyo, na kashe rediyo. Maigidana ya ce wataƙila labari yake so a ci gaba da ba shi, ya zauna ya kwashe labarin kasuwa kaf ya zuba masa, Baba na kallonsa kamar mai kallon mahaukaci. Ƙanena, wanda ke noman rani a Jiratawa, shi ya fi kowa tabbaci. Ya ce ba kuma yake cewa ba, koma yake cewa, gida yake so ya koma, mu ne muka tsare shi a birni. A kan wannan sai da muka yi kwanaki ba ma gaisawa sosai, domin na tambaye shi wa zai riƙa wanke Baba a Tsibirin, shi ko tumatirinsa.

Ana haka tsuntsayen suka fara canzawa. Sai su kumbura gashi su takure a kan kara, suna ta susar jiki da baki. Gashi ya riƙa zuba a kan zanen gado. Waƙar safe ta gajarce, daga baya ta zama wani ɗan ƙyas-ƙyas da ba ya kai ko'ina. Na ce zafi ne, tunda kuran, wutar lantarki, ba ya zama, mu ma mutane a jigace muke. Baba ma ƙuraje suka feso masa a wuya da baya da hannun nan da ba ya motsi. Na je farmasi aka ba ni hoda aka ce ƙurajen zufa ne. Ina shafa masa yana cewa kuma, ni kuwa ina ƙara barbaɗawa.

Wata safiya na tarar da ɗaya a ƙasan keji, ƙafafu a sama. Na zare shi a ɓoye na sa a aljihun zane, amma Baba ya riga ya ƙirga. Ranar ko ruwa bai sha ba. Ba a daɗe ba na biyu ya bi shi. Abincin da Baba ke ci ya koma abin da ba zai ƙosar da jariri ba, ƙashin wuyansa ya fito, zoben azurfarsa ya riƙa zamewa daga yatsa har na cire na ajiye. Na daina karɓar ɗinki. In na zauna a keke sai in ga ina ɗinka hannun riga a wuya. Tsoro nake ji irin wanda ke hana mutum zama wuri ɗaya, ga haushi a kansa, domin mutumin nan yana gaya mini wani abu kullum, ni kuma na kasa ji. Akwai ranar da na dire kwano na ce masa, "Kuma mi, Baba? Don Allah kuma mi?" Ya dube ni, ya sake faɗa a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro mai taurin kai.

Gwaggo ce ta zo daga Tsibiri dubiya, ƙanwar Baba, tsohuwa mai kaji da yawa da baki mai kaifi. Ba ta cika son birni ba, ta ce ruwan famfo ba shi da ɗanɗano. Ta ƙi ɗakin da na gyara mata, ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon yayanta, daidai ƙarƙashin kejin. Da gari ya waye na shigo da ruwan alwala na same ta zaune tana susar damtse da wuya, ta ɓata rai.

"Ke, ɗiyar nan," ta ce, "wane irin gida ne wanga? Ɗakin ga cike yake da ƙuma. Ko akurkina bai kai haka ba."

Baba ya bugi katifa. Ya sake bugu, ya sake, har gadon na motsi. Hawaye na bin gefen fuskarsa mai rai, yana nuna Gwaggo da yatsa, yana cewa to, to, to.

Na tsaya da buta a hannu. Ƙuma. Harshensa ne ya kasa ɗaga harafin, ya bar mana shi a kwance, mu kuma muka yi ta ƙara masa kunu. Makonni mutumin nan yana kwance ana shan jininsa da na tsuntsayensa, hannu ɗaya gare shi kuma ba ya kaiwa baya. Gwaggo ta cire farin ɗankwalinta ta goga a mahaɗar karan kejin, ya fito da jan zane-zane. Ta ɓalle ɗan guntun kara ta tsaga da farce. Cikin totuwar wasu 'yan ƙananan abubuwa ne jajaye, ba su kai ƙwayar gero ba, suna ta warwatsewa. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata, sannan na dawo na ɗora ruwan zafi.

Sanin sunan ciwo daban, sanin maganinsa daban. Na tafi kasuwa neman sabuwar tabarma da sabulu, na bar Gwaggo da gida. Ita kuwa ba ta iya zama hannu sake ba. Abin da take yi wa kajinta shi ta yi: ta tsoma gashin kaza a kananzir, ta kama kanari ɗaya ta shafa masa ƙarƙashin fiffike da wuya, ta barbaɗe shi da toka. Allah ya sa sauran biyun sun ƙi kamuwa. Ina dawowa na ji warin tun daga ƙofa. Tsuntsun na ƙasan keji yana buɗe baki yana rufewa, kafin la'asar ya mutu a tafin hannuna, ina ta goge shi da tsumma. Gwaggo ta ce ita shekara da shekaru tana yin haka, kaza ko ɗaya ba ta taɓa mutuwa ba. Na ce mata Gwaggo, kan kazarki kaɗai ya fi tsuntsun nan nauyi. Ta ɗauki tabarmarta ta koma zaure, ni ma ban bi ta da ban haƙuri ba sai washegari.

Saura biyu, mace da namiji. Labari ya kai Jiratawa, sai ga ƙanena a kan babur da bido, jarkar magani, a ɗaure a baya da famfon feshi, irin maganin da yake kashe tsutsar kabeji da shi. Ya ce a fitar da Baba na ɗan lokaci, ya feshe ɗakin da kejin gaba ɗaya, kafin magariba an gama. Na tambaye shi tsuntsayen fa. Ya ce in sun mutu kanari nawa ne a kasuwa, a sayo wasu a zuba, tsoho ba zai gane ba. Na san tausayin Baba ne ke sa shi, ya ga yadda ya rame, amma ranar ba ni da sauran haƙuri. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe gefe da gefe.

"Yaya, ki matsa," ya ce.

"Mutumin da ya ga ƙuma daga kwance, mu masu ƙahwa biyu ba mu gani ba, shi za ka yi ma musanyen tsuntsu? In ka shiga da bidon ga sai dai ka hwara hwesa ni."

Ya yi ta faɗa, ya ce na mayar da tsuntsu ɗan'uwa, shi kuma bare. A ƙarshe ya ɗaure kayansa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Da safe na lulluɓe kejin da zane na hau kabu-kabu zuwa wurin likitan dabbobi. Layin duk masu raguna ne da awaki, da wani mai saniya a amalanke. Da na yaye zanen sai da aka yi dariya, wani ya tambaye ni ko na layya ne. Ban kula shi ba, don in na buɗe baki ba a rabuwa lafiya. Likitan bai yi dariya ba. Ya kama namijin a hankali, ya hura gashin ƙirjinsa, ya nuna mini yadda fatar ta yi fari fat, jini ya ƙare. Ya ce irin wannan ƙuma ba ta zama a jikin tsuntsu da rana, a cikin kara take ɓuya, sai duhu ya yi ta fito ta sha ta koma, shi ya sa ko na duba su ba zan ga komai ba. Ya ce feshin gona da fiya-fiya da kananzir duk su ne ke ƙarasa abin da ƙuma ta fara. Ya tsarma wani magani da kansa, ya ɗiga ɗigo guda a bayan wuyan kowanne, inda baki ba ya kaiwa, ya hana ni tafiya da kwalbar. Ya ce in dawo da su a sake ɗigawa idan ƙwai sun ƙyanƙyashe, in riƙa ba su gwaiduwar dafaffen ƙwai, in lulluɓe sabon keji da farin ƙyalle da yamma in duba da asuba ko akwai jan ɗigo. Da na ce wane sabon keji, ya ce na waya. Wannan na karan kuwa, wuta ce kawai maganinsa.

Na sayi na waya a Sabon Gari, mummuna, fentinsa kore, ƙofarsa na ƙara. Macen ba ta kai washegari ba. Likitan ya riga ya faɗa mini wataƙila haka ta faru, amma faɗar ba ta rage komai ba.

Kejin karan ban iya ƙona shi a ɓoye ba. Na kawo shi bakin ƙofa inda Baba zai gani, na durƙusa na gaya masa abin da likita ya ce, da babbar murya, kamar kurma nake yi wa magana, alhali kunnensa ya fi nawa. Ya daɗe yana kallon kejin. Ya kalli hannunsa na dama da ke kwance a kan zane. Sannan ya ce to. Na kai shi bayan gida na cinna masa ashana, ya kama nan take yana tartsatsi, busasshen kara ne na shekaru. Sakatar waya ce kaɗai ta rage a toka.

Ɗakin kuwa mun kwashe komai. Katifa ta sha rana, gado ya sha tafasasshen ruwa, aka toshe tsagar bango aka shafe da farar ƙasa. Gwaggo ce ta fi kowa aiki, na san abin da ke cinta. Baba muka mayar da shi rumfar tsakar gida, muka rataye kejin waya nesa da kansa kaɗan, inda zai gani. Farin ƙyallen nan kullum da asuba ina duba shi a hasken salula kamar mai neman allura. Jan ɗigon ya yi ta raguwa har ya ɓace. Ƙurajen Baba suka bushe, ya samu barci, har da minshari.

Amma bai ci ba. Tsuntsun ya rayu, sai dai ya yi shiru. Yana nan a kan sanda, wuya a tsige, kai kamar na ɗan tsako, yana cin gwaiduwarsa yana kallonmu. Da na koma aka sake ɗiga masa magani na tambayi likita yaushe zai yi waƙa. Ya ce sai gashi ya fito, kuma tunda ya rasa 'yan'uwansa yana iya daɗewa. Na ce ba ni da wannan lokacin. Ya ɗauka zancen tsuntsu nake yi, ya ce in yi haƙuri.

Baba ya kai inda in na ɗaga shi ba na neman taimako. Ruwa kaɗai ke wucewa, shi ma da roƙo. Maigidana ya samo waƙar kanari a salula ya kunna a gefen kejin. Tsuntsun ya karkata kai sau ɗaya ya ci gaba da susa, Baba kuwa ya rufe ido, ya ƙi buɗewa har aka kashe. Ƙanena ya dawo, ba bido wannan karon, ya zauna a gefen gado ya riƙe hannun Baba, da zai tafi ya ja ni gefe ya ce ko za a fara sanar da dangi. Na ce ya sanar da wanda ya ga dama. Na yi addu'a, na yi sadaka, na dafa duk abin da na san Baba na so tun ina yarinya, har dambun zogale da ba zai iya taunawa ba. Komai sai ya huce a kwano in ba yara.

Wata rana da hantsi ina dama kunu na ji wani sauti daga rumfa, kamar ana hura wuta. Na leƙa. Baba ne ya juya kai wajen kejin, yana ta tattara leɓe, iska na fita ta gefen da ya saki, miyau na bin haɓarsa. Ya huta ya sake. Gwaggo da ke tsince shinkafa ta ce a Tsibiri haka yake yi, in tsuntsu ya yi shiru shi ke fara masa fito har ya ɗauka. Na ce to ai sai a nemo mai yi. Maigida ya fita, yara suna makarantar lakwal, gidan daga ni sai ita.

Mace ba ta yin fito. Wannan tun ina ƙarama aka buge mini baki a kansa, aka ce aikin 'yan iska ne, kuma yana kiran abin da ba a gani. Gwaggo, wadda har yau ba ta wasa da sha'anin mutanen ɓoye, ta ga na ajiye muciya sai ta gane.

"Kul," ta ce. "Da rana tsaka, cikin gidan mijinki? Akwai masu amsawa, kin sani."

"Su amsa, Gwaggo. In sun zo su taya ni ba shi kunu."

Na ɗauki kwano da cokali na zauna a bakin gado. Na goge wa Baba haɓa. Na tattara leɓe na hura, babu abin da ya fito sai iska. Na jiƙa leɓe na sake, wani siririn sauti ya fita, karkatacce, kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Ni mace mai 'ya'ya huɗu, da furfura a gaban goshi, ina zaune ina yi wa tsigaggen tsuntsu fito. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta koma. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe kai tana karanta abin da take karantawa. Na ci gaba, ina hawa ina sauka, ina ƙoƙarin tuna yadda waƙar take, hawaye na shiga bakina suna ɓata ɗan abin da na samu.

Tsuntsun ko motsi bai yi ba. Sai na ji gado na girgiza. Na juyo a firgice, na ɗauka abin da nake tsoro ne ya zo. Ashe dariya Baba yake yi, da rabin fuska, ba sauti, kafaɗarsa mai rai na rawa. Ya ɗaga yatsa ya kaɗa mini, alamar ban iya ba, sannan ya nuna sama, wai in ƙara ɗaga murya. Na ɗaga, ta fashe, ya sake girgiza. Bakinsa a buɗe yake, cokali na hannuna, na zuba.

Ya riƙe kunun a baki yana kallona. Ya ɗaga yatsan nan ya juya shi, wai in ci gaba. Na tattara leɓe na sake hurawa, ya haɗiye.